Hannuwan Injiniya

Ranar da mahaifiyar Injiniya ta zo shagona ba ta riƙo yadi ba, shi ya sa tun kafin ta zauna jikina ya ba ni.

Na sauka daga kan keken ɗinki na durƙusa na gaishe ta, na kakkaɓe mata kujerar masu jiran ɗinki. Ta ɗosana a bakin kujerar, jakarta a cinya.

"Ke ce telar?"

"Ni ce, Hajiya."

Ta dube ni daga ɗankwali har silifas. "Na zaci za ki fi haka."

Ni ma a ranar na so a ce na fi haka.

Kafin in ci gaba gara in faɗi yadda muke, don ni ba mai zurfin karatu ba ce, kada in rikita mai karantawa. A firamare na tsaya saboda jinyar mahaifiyarmu. Abin da nake rubutawa daga kaina nake zaro shi, wanda zai ce min "ba haka aka yi ba, Tela" kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansa.

Shagona da nasa ɗaki ɗaya ne, mai ginin ya raba da katako, katakon kuma bai kai rufi ba. Ina nan ina ɗinki, yana can yana gyaran kwamfuta. Yana da digirinsa na farko a ilimin kwamfuta, aikin ofis ne ya ƙi samuwa, 'yan layinmu suka laƙaba masa Injiniya da tsokana, sunan ya bi shi. Ta saman katakon nan muka saba, ta nan muka so juna. Sai mu wuni muna hira ban ga fuskarsa ba, bai ga tawa ba.

Sai ranar da ya je gaida Yayana, wanda nake hannunsa tun rasuwar iyayenmu, na san yana da in'ina. Ya zauna ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya buɗe baki zai gaisa, kalmar ta maƙale. Har Yaya ya gaji da jira ya amsa gaisuwar da ba a gama ba. Tun daga ranar Yaya ya koma yi min zancen wani abokinsa mai sayar da tayar mota.

Hajiya ta gyara zama.

"Kin san yana neman gurbin digiri na biyu."

"Na sani, Hajiya."

"Kin san wannan ne karo na uku?"

"Ya faɗa min."

"To ga abin da bai faɗa miki ba. Takardunsa ba su taɓa faɗuwa ba. Kowane karo sai su kira shi intabiyu, ya zauna gaban malamai, bakin ya ƙi buɗuwa. Da ya dawo daga na biyun, abinci ma sai da na yi masa kuka ya ci."

Ta murza hannun jakarta.

"Tun yana yaro ni ce bakinsa. Ni na yi masa magana a makaranta, ni a asibiti, ni a gaban mai gidan haya. 'Yar nan, dube ni da kyau, ni mai tafiya ce. So nake in bar shi a hannun wadda za ta tsaya gaban manya ta faɗi abin da ya kasa faɗa. Ke za ki iya? In aka miƙo miki takardar likita da Turanci, za ki karanta?"

Hawaye suka cika min ido. "Ba zan iya ba, Hajiya."

"To 'yar ƙanena lauya ce, magana ce abincinta, kuma tun suna yara take sonsa. Ita za ta shirya shi. Daga gobe zai rufe shago ya riƙa zuwa ofishin kawunsa, a can za su gana da malaman ta kwamfuta sati mai zuwa. Roƙonki nake ki bar shi. Kada ki kira, in ya kira kada ki ɗauka. In ya tsallake ta hannunta, ke da kanki kin san wadda ta dace da shi."

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Amma duk abin da ta faɗa ban ga ƙarya a ciki ba.

"Na yi miki alkawari, Hajiya."

Ta tashi ta tafi. Na kifa kai a kan keke. Ina cikin kuka na ji an ja kujera ta bayan katako. Na ɗauka ya tafi sayen kayan gyara. Ashe ya dawo.

* * *

"Tela."

Na share fuska duk da ba ganina yake ba. "Tun yaushe ka dawo?"

"Tun daga 'na zaci za ki fi haka'."

Ina jin yana kwance wata kwamfuta, ƙananan notuna suna faɗawa cikin gwangwanin da yake tara su ɗaya bayan ɗaya. Haka yake in ransa ya ɓaci, aiki yake kamawa.

"Kin yi alkawari a kaina ba ki tambaye ni ba. Ni kayan kwastoma ne da za a miƙa daga hannu zuwa hannu?"

"Mahaifiyarka ce."

"Na san ko wace ce, ai ina wurin da ta haife ni."

Dariya ta so kama ni, kuka ya fi ƙarfinta.

"Ki saurara," in ji shi. "Janyewa zan yi. Wuri ɗaya zan danna, su cire sunana, magana ta ƙare. Ba intabiyu, ba Lauya, ba ofishin Kawu. In ci gaba da gyarana, ki ci gaba da ɗinkinki."

Na tuna watannin da ya kwashe a kan neman nan. Ya bi tsofaffin malamansa har suka yarda su tsaya masa. Ya rubuta bayanin dalilinsa na son karatun, ya goge, ya sake, yana karanto min ta saman katako yana mayar min da shi Hausa. Burinsa ya haɗa manhajar da za ta gaya wa mutum kwamfutarsa ta kusa mutuwa tun kafin ta mutu da aikinsa a ciki, don ya gaji da ganin ɗalibai suna kuka a shagonsa. Yanzu in na tuna sai in ce da mutum ma ana yi masa irinta.

Na ce, "In ka janye saboda ni, wallahi ba zan aure ka ba."

Notunan suka ci gaba da faɗawa gwangwani.

"Da gaske nake. Ba zan zauna da kai ina kallon abin da na hana ka ba. Kullum in zuba maka abinci in ga digirin a cikin kwano."

"To in na ci fa? A ce aikin Lauya ne, a ba ni ita. In na faɗi Yayanki ya ce dama ya faɗa, ga Mai Taya nan. Ta wace ƙofa za mu fita, Tela?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba, amma kin yi alkawari."

"Tsohuwa ce ta zauna a gabana tana roƙo, Injiniya. Da kai ne me za ka ce mata? Ba ƙina take ba, tsoro take ji. Ni ma na yi jinyar uwa, na san yadda idonsu yake in sun fara tunanin wanda za su bari." Kuka ya ci ƙarfina, sai da na huta na ƙarasa. "Ka je ka ci tukuna. Abin da zai biyo baya Allah ya fi mu sani. Daga gobe kada ka kira ni."

Na ji ya ajiye sukundireba a kan tebur. Ɗakin ya yi tsit.

"T... t... t..."

Sunana yake son kira. Na riƙe numfashi ina jira. Na daɗe ina jira. Sai na ji ya ja ƙofar shagonsa ya sa kwaɗo.

* * *

Satin nan ban san yadda na yi shi ba. Bayan katako shiru kamar ba a taɓa zama a wurin ba. Wayata ta yi ta kuka, ina tura ta ƙarƙashin yadi ina ƙara taka keke don kada in ji.

Mai Taya kuwa kullum da yamma sai ya ajiye motarsa a ƙofar gidanmu. Mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba, ni ce dai ba na sonsa. Yaya ya kira ni ya ce, "Mutumin da gaisuwa ke gagara, shi zai riƙe gida?"

"Yaya, ai ba da baki ake riƙe gida ba."

"Naki bakin dai ya ishi gida biyu. Na ba su zuwa ƙarshen wata. In ba su turo ba, ki san inda kika dosa."

Ana gobe intabiyun, da hantsi, ina yanka wata riga na ji takalmi mai tsini ya tsaya a ƙofata. Doguwa ce, da baƙar kwat da farin tabarau. Ba sai an faɗa min Lauya ce ba.

"Sauke almakashin," in ji ta. "Ba faɗa na zo ba."

Ta zauna a kujerar da Hajiya ta zauna, ta cire tabarau. Idonta jajir kamar wadda ba ta samu barci ba.

"Sati guda ina koya masa. Ranar farko yana iya faɗin sunansa da abin da ya karanta. Jiya ko sunan ya gagara. Na rubuta masa amsoshi, na koya masa jan numfashi, na tsayar da shi gaban madubi. In kalma ta maƙale in ƙarasa masa, sai ya dube ni kamar na mare shi." Ta kalle ni. "Mai shayin bakin layinku ya ce ke wuni yake yana zuba miki zance kamar rediyo. Me kike yi masa?"

"Ba na yi masa komai."

"Ki yi tunani. Gobe da safe ne."

Na dubi katakon. "Wataƙila wannan ne. Ba ya ganin fuskata."

"Na gwada. Na juya masa baya, na fita na yi masa tambaya ta bayan ƙofa, duk ɗaya. Kuma ko da shi ne, gobe dole su ga fuskarsa ya ga tasu."

Sai na tuna ai kwastomomi a kansa suke tsayawa, yana yi musu bayani yana musu faɗa a kan barin ƙura ta toshe fanka, ban taɓa jin ya maƙale ba. Na tambaye ta yadda yake zama a ofis.

"Yadda ya kamata mana. Ya miƙe baya, hannuwa a kan tebur. Gwaggo ma tana zaune tana lura, da ya fara taɓa biro ko makulli sai ta ce ya daina wasa da hannu a gaban manya. Tun muna yara haka take yi masa."

Na hango shi gaban Yaya, hannuwa a gwiwa. Na tuna ranar ƙarshe, yana ta zuba min faɗa notuna na faɗawa gwangwani, yana ajiye sukundireba sunana ya gagare shi.

Na ce, "Lauya, ni ban taɓa jin maganarsa hannunsa ba ya aiki ba."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta dafe goshi. "Sati guda ina ƙwace masa biro."

"Ni shekara nawa muna tare, sai yanzu na lura."

"To in kai masa sukundireba da tsohuwar kwamfuta ya ɗora a cinya."

"Za su ji ƙarar ƙarfe. Kuma zai sunkuyar da kai yana neman noti." Na dubi kwandon da nake zuba ragowar yadi. "Kyamarar har ina take kamawa?"

"Daga ƙirji zuwa sama."

Na jawo kwandon na juye a ƙasa. Na ce za mu haɗa ƙyallayen nan su yi tsawo, da ɗinkin hannu sakwa-sakwa, irin wanda yatsa zai lalubo zaren ya zare ba sai ido ya duba ba. Ya ajiye a cinya, yana magana yana warwarewa. Ba ƙara, ba mai gani.

Ta tuɓe kwat ta rataye a ƙusar da nake rataye tef, ta zauna a ƙasa da siket ɗinta mai tsada ta ce in ba ta allura. Zura zare kaɗai sai da ya sa ta gumi. Da na duba abin da ta ɗinka na ce, "Lauya, wannan ɗinki ne ko ɗaurin rai da rai?"

"Ke dai ki yi naki. Ni ban saba sakin abin da na kama ba."

Muka yi dariya, amma maganar ta taɓa mana wani wuri.

Can na ce, "Me ya sa kike wannan? In ya ci, ke za a ba."

Ba ta ɗago ba. "Ina sonsa, ba zan ɓoye miki ba. Tun ina sa kayan makaranta. Amma sati guda ina zaune a gabansa idonsa na kan waya yana jiran ki ɗauka." Ta ciji zaren ta tsinke. "Na saba cin shari'a. Ba na son mijin da aka yanke min hukuncinsa."

Hawayenta ya ɗiga a kan wani ƙyalle shuɗi. Na yi kamar ban gani ba, ita ma ta yi kamar ba ta ga nawa ba.

"Alkawarin da kika yi wa Gwaggo fa?" ta tambaya.

"Ba zan kira shi ba, ba zan gan shi ba. Ke za ki kai. Tsorona kada Hajiya ta gani ta ƙwace."

Ta naɗe ƙyallen ta tura a jakar da take sa takardun kotu.

"Ki bar ni da Gwaggo," in ji ta.

* * *

Ranar intabiyun na ɗinka wa wata mata hannun riga a juye, na farke, na sake ɗinka shi a juye. Azahar ta wuce ba labari. Wayar da na yi sati ina ɓoyewa na ɗora ta a kan keke ina kallo, ta ƙi ko motsi.

Bayan la'asar inuwa ta tare min ƙofa. Hajiya ce, da baƙar leda a hannu.

Ba ta jira gaisuwata ba. Ta zazzage ledar a kan teburin yanka. Ƙyallayen ne, kowanne ya rabu da ɗan'uwansa, ga zare a dunƙule kamar gashin da aka tsefe.

"Naki ne?"

Na durƙusa. "Nawa ne, Hajiya. Ki yi haƙuri. Ban kira shi ba, ban gan shi ba."

"Tashi ki ba ni kujera."

Wannan karon ta zauna sosai har ta jingina.

"'Yar ƙanena ta zaunar da ni a kusurwa inda kyamara ba ta kai ba, ta ce in na yi ko tari za ta fitar da ni. Ni da na yi mata wankan jarirai." Ta girgiza kai. "Malaman suka bayyana a fuskar kwamfutar. Suka ce ya gabatar da kansa. Ya buɗe baki, abin ya tsaya. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ce shi ke nan, mun koma gidan jiya. Sai na ga hannunsa ya sauka ƙarƙashin tebur yana lalube. Saura kaɗan in daka masa tsawa, yarinyar nan ta danne min gwiwa."

Ta ɗauki wani ƙyalle tana juya shi.

"Ya kamo zare ya ja. 'Yar nan, kamar an buɗe famfo. Turancin ba duka na ji ba, amma na ga wani farfesa mai furfura ya matso da fuskarsa. Suka shiga musu a kan manhajar nan tasa. Ɗana yana musu da farfesa. Har dariya ya ba su, ban san me ya ce ba."

Ta ajiye ƙyallen.

"Ban san haka muryar ɗana take ba. Ni na haife shi, amma ban taɓa jin ta yi tsawo haka ba. Yana ƙarami in baƙi suka zo sai ya kama gefen rigarsa yana murzawa, in buge hannun in ce ya tsaya da kyau. Ni a ganina tarbiyya nake ba shi. Na riƙe masa hannu, na koma ina kukan ba shi da baki."

Ta rufe fuska da mayafi. Ban san lokacin da na matsa na dafa gwiwarta ba.

"Hajiya, kowace uwa haka za ta yi. Ni ma ban sani ba sai jiya. Da Lauya ba ta tako ta tambaye ni ba, da har yau ban lura ba."

"Ta faɗa min komai a mota. Ta kuma ce in na sake haɗa ta da shi za ta kai ni ƙara." Ta yi dariya cikin kuka, ta fyace hanci.

Na daure na tambaya. "Sun ɗauke shi?"

"Ba su faɗa ba, sai nan gaba za su aiko. Shi ya sa na zo yau ban bari sai gobe ba. Ba na son wata rana ki ce sakamako ne ya kawo ni." Ta kamo hannuna ta juya shi tana duba inda allura ta sossoke. "Na ce ina neman wadda za ta yi magana a madadinsa. Ashe mai jiransa ya kamata in nema. Ko sun ɗauke shi ko ba su ɗauke shi ba, ki gaya wa yayanki ya zauna a gida ranar Asabar. Kawunsa zai zo da mutane."

Da bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Takardar likita fa, Hajiya?"

"Shi ya karanta miki, me ya je yi makaranta? Kuma ki daina ce min Hajiya kamar na zo karɓar haya."

"To, Mama."

Ta miƙe ta gyara mayafi. "Yana waje. Na ce ya jira in gama tukuna."

* * *

Sun ɗauke shi. Ya yi karatun ya gama, na ɗinka wa kaina da Mama kaya iri ɗaya muka je bikin yaye su. Lauya ta yi aurenta, har yau ba ta iya riƙe allura ba, kuma ita ta tsaya a kan komai lokacin da ciwo ya kwantar da shi. Mama tana ɗakin da ke kusa da nawa, ita da ta ce mai tafiya ce, ga shi ita ke rarrashina. Ban san da wane baki zan gode wa matan nan biyu ba.

Amma abin da ya fi dawo min shi ne shigowarsa shagon a yammacin nan.

Kwat ɗin Kawu ce a jikinsa, ta yi masa yawa a kafaɗa, zare ya manne masa a wando har gwiwa. Ya tsaya a gabana. Na tura masa ƙyalle ɗaya a kan tebur. Ya dube shi, ya girgiza kai, ya mayar da hannuwansa baya.

"T... Tela."

"Na'am."

"A... akwai wurin da aka ƙ... ƙ... ƙulle zaren. Ana t... tambayar ƙarshe. Saura kaɗan in f... faɗi."

"Wannan ɗinkin Lauya ne."

Ya yi dariya har ya dafa ƙofa. Sannan ya miƙe, ya sake mayar da hannuwa baya, ya dube ni ido cikin ido, ya ɗauko wata maganar.

Ta daɗe ba ta fito ba. Babura suka wuce, mai shayi ya fara jera kofuna, wata kwastoma ta leƙo ta gan mu ta koma. Na san abin da zai faɗa tun daga harafin farko, amma ban taya shi ba. Na tsaya har ya kai ƙarshe da kansa.

Abin da ya faɗa nawa ne, ba zan rubuta shi ba. Yau dai duk abin da na mallaka zan bayar, a sake tsayar da ni a wurin nan in jira shi ya gama magana.